Diskerin da Aikin da Cuta Ba Ta Nuna Mana

 

Maganata ta yau a kan ƙwayar gado guda ɗaya ce, daga cikin kusan 20,000 da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin a jikin ɗan Adam. Masana suna rubuta sunanta DKC1, furotin ɗin da ake ƙerawa da umarninta kuma ana ce masa diskerin. Na san a cikinku akwai waɗanda rabonsu da ajin kimiyya tun sakandare, saboda haka zan bi a sannu. Ɗaliban likitanci su yi mini haƙuri idan na tsaya a kan abin da suka riga suka haddace.

An san cutar da tangarɗar wannan ƙwayar gado ke kawowa tun kafin a san ƙwayar gadon kanta. A farkon ƙarni na 20 wani likitan fata Bajamushe mai suna Zinsser ya bayyana ta, Engman ya ƙara bayani a 1926, Cole da abokan aikinsa suka biyo baya a 1930. Sunanta diskeratosis konjenita. Alamominta uku ne da ido ke gani: farce ya riƙa tsagewa yana lalacewa har wani ya ɓace, fatar wuya da ƙirji ta yi dabbare-dabbare, sannan wani farin tabo ya fito a harshe ko a cikin kumatu, wanda ba ya kankaruwa. Galibi yara maza take kamawa, alamomin kuma kan fara tun kafin yaro ya cika shekara goma. Da a fata abin ya tsaya, da da sauƙi. Ɓargon ƙashi, inda ake ƙera jini, shi ne ke gajiya daga baya. Jini ya ragu, ƙwayoyin da ke yaƙar cuta su ragu, waɗanda ke tsayar da zubar jini su ma su ragu, kuma wannan ne ke kashe yawancin masu cutar. Wasu huhunsu ke ƙandarewa, wasu hanta, wasu kansar baki ko ta maƙogwaro ta same su suna da ƙuruciyarsu. Cutar ba ta da yawa, ana kiyasta kimanin mutum ɗaya a cikin miliyan. Amma ga gidan da ta shiga, wannan lissafi ba ya rage komai.

A 1995 aka buɗe rajistar masu wannan cuta a asibitin Hammersmith da ke Landan, ana tattara tarihin iyalai da samfurin jininsu. Da taimakon waɗannan iyalai, a 1998, Nina Heiss da Annemarie Poustka a Heidelberg ta Jamus, tare da Inderjeet Dokal da abokan aikinsa a Landan, suka gano ƙwayar gadon a ƙarshen dogon hannun kuromozom X, a wurin da ake kira Xq28. Furotin ɗinta yana da amino asid 514. Da aka gwada jerinsa da na sauran halittu, sai aka ga ba baƙo ba ne. An riga an san takwaransa a yis, wannan dai da ake kwaɓa burodi da shi, da sunan Cbf5, an kuma san shi a ɓera da sunan NAP57, wanda Thomas Meier da Günter Blobel suka bayyana a 1994. Mazauninsa wani dunƙule ne a cikin cibiyar sel da ake kira nukiliyolas, wurin da ake harhaɗa ribozom. Don haka kafin mu gane diskerin, dole mu san ribozom.

Jikinmu ya ginu ne da sel, kowane sel kuma yana ajiye umarninsa a DNA. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi umarninsa a kan RNA ɗan saƙo, a fitar da shi daga cibiya. Ribozom shi ne ke karanta saƙon, haruffa uku-uku, yana ɗaura amino asid ɗaya bayan ɗaya har furotin ya kammalu. Himogulobin na jini, insulin, kowane enzayim, duk ta nan suka biyo. George Palade ne ya fara bayyana waɗannan 'yan ƙwayoyi da madubin lantarki a 1955. A sel guda ana samun miliyoyinsu. Mai sayar da magani a kemis ma yana hulɗa da su kullum ko bai sani ba: tetirasaikilin, kuloramfenikol, jentamaisin da eritiromaisin duk suna kashe bakteriya ko tsayar da ita ne ta hanyar toshe ribozom ɗinta, wanda ƙirarsa ta ɗan bambanta da ta namu.

Ribozom ɗin mutum ɓari biyu ne, ƙarami da babba, 40S da 60S. A cikinsu akwai furotin kusan 80 da zaren RNA huɗu: 18S a ƙaramin ɓari, sai 28S da 5.8S da 5S a babba. An daɗe ana ɗaukar RNA ɗin a matsayin abin da furotin ke maƙalewa a jiki kawai. Da aka ga cikakkiyar siffar kowane ɓari na ribozom a shekarar 2000, sai ta tabbata cewa a daidai wurin da ake ɗaura amino asid da ɗan'uwansa, RNA ne ke aikin. Wannan bincike ne ya kawo wa Venkatraman Ramakrishnan da Thomas Steitz da Ada Yonath lambar Nobel a 2009. Ku riƙe wannan, domin duk abin da ya taɓa siffar wannan RNA ya taɓa ƙirar kowane furotin a jiki.

Uku daga cikin zaren nan huɗu ba a rarrabe ake ƙera su ba. Umarninsu yana nan an maimaita shi sau ɗaruruwa a kan gajerun hannayen kuromozom biyar, wato 13, 14, 15, 21 da 22. Wani enzayim mai suna RNA folimares na ɗaya yana kwafo su a dogon zare guda, 47S, mai haruffa kusan 13,000. A cikin zaren akwai 18S da 5.8S da 28S, akwai kuma sassan da za a yanke a zubar. Shi 5S daban ake ƙera shi daga kuromozom 1, ya zo ya tarar da 'yan'uwansa. Ku ɗauki misalin tela da aka kawo wa yadi kamu goma a ce ya fitar da riga da wando da hula. Akwai yanka, wanda in ya kuskure da ɗan yatsa ɗaya rigar ba za ta zauna ba. Akwai kuma aikin da ake yi wa rigar a wuya da aljihu, a wuraren da aka riga aka zana da alli. Sel yana yin duka biyun a lokaci guda, tun zaren bai gama fitowa ba, da taimakon furotin fiye da 200 waɗanda ba za su zauna a cikin ribozom ɗin ba idan ya kammalu.

Aikin da ake yi wa zaren iri biyu ne manya. A wurare kimanin 100 ana liƙa wa sukarin harafi ɗan gungun metil, kuma wani furotin mai suna fibirilarin ke yin wannan. A wasu wuraren kimanin 100 kuma ana juya harafin yuridin, wato U, ya koma sudoyuridin. Nan ne fagen diskerin, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin tun da na fahimci abin da yake yi ban daina mamakinsa ba.

RNA haruffa huɗu gare shi, A, C, G da U. Harafin U yana manne da sukarinsa ta ƙwayar naitirojin. Diskerin yana kama shi, ya tsinke wannan haɗi, ya juya zoben, ya sake manna shi ta ƙwayar kabon. Bai ƙara komai ba, bai cire komai ba. Nauyin harafin yana nan yadda yake, kuma har yanzu da A yake haɗuwa kamar da. Shi ya sa gano wuraren ya wahalar da masana shekaru da yawa, duk da cewa tun shekarun 1950 aka san sudoyuridin, shi ne ma gyararren harafi na farko da aka gano a RNA, kuma ya fi kowane yawa. Abin da ya sauya shi ne naitirojin ɗin da a da ke ɗaure yanzu ya sami sarari, yana iya riƙe ƙwayar ruwa ko maƙwabcinsa. Da wannan ɗan ƙarin riƙo zaren ke ƙara tauri a wurin, haruffa su jeru da kyau, naɗin RNA ya tsaya a siffar da ake so. Wuraren kuma ba warwatse suke ba. Sun taru ne inda ake karanta saƙo, da inda ake ɗaura amino asid, da inda ɓari biyun ke haɗuwa.

To yaya diskerin ke gane U ɗin da zai juya a cikin dubbai? Shi kaɗai ba ya ganewa. A 1997 ɗakunan bincike biyu, na Tamás Kiss a Toulouse ta Faransa da na Maurille Fournier a Massachusetts ta Amurka, suka nuna cewa wasu ƙananan RNA ne ke yi masa jagora. Ana kiransu H/ACA saboda wasu gajerun jerin haruffa da dukansu ke ɗauke da su. Kowane jagora yana da wani buɗaɗɗen wuri da haruffansa suka dace da na hagu da na daman U ɗin da ake nema. Sai ya riƙe gefe biyun, ya bar U ɗin a tsakiya shi kaɗai, diskerin ya same shi. Tare da diskerin akwai furotin uku da ke tallafa masa: NOP10, NHP2 da GAR1. Enzayim ɗaya ke nan, jagorori da yawa. Sauya jagora, ka sauya wurin aiki. A 1998 Denis Lafontaine da David Tollervey suka nuna a yis cewa idan aka janye Cbf5, juyin ya tsaya, jagororin su ruɓe, ƙirar 18S ma ta tsaya. Dalilin na ƙarshen shi ne akwai wani RNA a wannan dangi, U17 a mutum, snR30 a yis, wanda ba juyi yake jagoranta ba, yankan dogon zaren ne ke bukatarsa. Ashe hannun diskerin yana cikin yanka kamar yadda yake cikin gyaran haruffa.

Bari in ɗan ratse. Wanda aka yi wa rigakafin korona na Pfizer-BioNTech ko na Moderna, an sa masa RNA ɗan saƙo ne da aka maye U ɗinsa da wani ɗan'uwan sudoyuridin. Katalin Karikó da Drew Weissman ne suka nuna a 2005 cewa gyararrun haruffa irin wannan suna hana garkuwar jiki far wa RNA ɗin da aka shigar, suka kuma sami lambar Nobel a 2023. Wanda aka tsorata shi da cewa an zuba masa abin da jiki bai taɓa gani ba, ya sani sel ɗinsa suna juya yuridin tun yana cikin mahaifiyarsa.

Mu koma 1998. Da aka ga diskerin a nukiliyolas yake, kowa ya ɗauka an gama: cutar ta ribozom ce. Shekara ɗaya kacal wannan fahimta ta yi. A 1999 James Mitchell da Emily Wood da Kathleen Collins a Berkeley ta Kalifoniya suka fito da wani abu daban. A ƙarshen kowane kuromozom akwai telomiya, wato haruffa shida, TTAGGG, da aka maimaita sau dubbai. Duk rabuwar da sel ya yi sai ta ɗan gajarce, idan ta yi gajarta ainun sel ya daina rabuwa ko ya mutu. Akwai enzayim mai ƙara mata tsawo, telomeraz, wanda ke ɗauke da nasa RNA mai haruffa 451. Collins da ɗalibanta suka ga wutsiyar wannan RNA irin ta H/ACA ce, diskerin kuma yana riƙe da ita yana kare ta daga ruɓewa. A sel ɗin majinyata suka tarar RNA ɗin telomeraz ya ragu ƙwarai, telomiya ta gajarce, amma ba su ga wata tangarɗa a fili ba a gyaran RNA na ribozom. A 2001 Tom Vulliamy da Dokal suka sami iyalai masu irin cutar waɗanda DKC1 ɗinsu lafiya lau, matsalar a RNA ɗin telomeraz ɗin kansa take. Daga nan aka yi ta gano wasu ƙwayoyin gadon, sun haura goma a yau, kuma yawancinsu suna da hannu a kula da telomiya. Hujja ce mai ƙarfi, ba na kuma jayayya da ita. Ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Shi da fata da cikin baki su ne ba sa hutawa da rabuwa, su ne kuwa cutar ke fara ci.

Inda na rabu da wasu littattafan koyarwa shi ne inda suke ambaton aikin ribozom a layi ɗaya su wuce, kamar wani ƙaramin abu ne diskerin ke yi a gefe. Ku duba tarihin furotin ɗin. Yana cikin yis, yana cikin tsiro, yana cikin ƙudan 'ya'yan itace, har a cikin halittun nan masu sel ɗaya da ake kira arkiya akwai shi, kuma a ko'ina juya yuridin yake yi. Telomeraz ɗin yis ɗin burodi kuwa ba ruwansa da Cbf5, amma yis ɗin ba ya rayuwa idan babu shi. Aikin ribozom shi ne na asali, riƙon telomeraz daga baya aka ɗora masa. Sannan ku duba inda sauye-sauyen majinyata suke faɗawa. Yawancinsu sauyin amino asid ɗaya ne, mafi yawan wanda ake gani shi ne a lamba ta 353, inda alanin ya koma balin. Sun taru ne a sassan da ke riƙe RNA, nesa da tsakiyar da ke yin juyin. A ɓera, da aka cire ƙwayar gadon gaba ɗaya, ɗan tayin bai kai ko'ina ba ya mutu. Fahimtata ita ce, yaron da ya iso asibiti shi ne wanda sauyinsa ya bar aikin ribozom da sauran ƙarfin da za a iya rayuwa da shi. Wanda nasa ya rushe aikin baki ɗaya ba a haife shi ba, balle likita ya rubuta shi a rajista. Idan muka auna muhimmancin aiki da abin da muke gani a gadon asibiti kaɗai, za mu raina aikin da ya fi kowane girma.

Akwai kuma shaidu kai tsaye. A 2003 Davide Ruggero da Pier Paolo Pandolfi a New York suka samar da ɓeraye masu ƙarancin diskerin. Telomiyar ɓeran ɗakin bincike ta fi ta mutum tsawo nesa, sai an yi zuriya da yawa kafin gajarcewarta ta yi illa. Amma waɗannan ɓeraye tun a zuriya ta farko da ta biyu suka nuna ƙarancin jini da ciwace-ciwacen kansa, sudoyuridin ɗin ribozom ɗinsu ya ragu, alhali telomiyarsu ba ta kai ga gajarcewa ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna ribozom mai ƙarancin sudoyuridin ba ya tsayawa cak. Yana aiki, sai dai riƙonsa ya yi sako-sako, kuskurensa ya ƙaru, wasu saƙonni kuma suna yi masa wuyar farawa, ciki har da na p27, furotin mai taka wa rabuwar sel birki. Masu suka sun ce ɓeran da aka rage masa yawan furotin ba daidai yake da yaron da amino asid ɗaya ya sauya masa ba, kuma suna da gaskiya. Shi ya sa rahoton 2020 ya fi gamsar da ni. Eszter Balogh da Kálmán Tory a Budapest ta Hangari, da abokan aikinsu, suka bayyana iyalai biyu, ɗaya da sauyi a DKC1, ɗaya a NOP10, duka a daidai inda furotin biyun ke haɗuwa. Yaran sun zo da ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, da yanar ido, da raunin ji, da kumburin hanji, kuma sudoyuridin ɗin RNA na ribozom ɗinsu ya ragu. Ƙwayar gado ɗaya, amma da sauyin ya matso kusa da aikin juyi sai cutar ta fito da wata fuska dabam.

Diskerin ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. Ƙarancin jini na Diamond da Blackfan, wanda aka danganta da ƙwayar gadon RPS19 a 1999, da ciwon Treacher Collins mai taɓa ƙasusuwan fuska, duk daga tangarɗar harhaɗa ribozom suke. Sel yana da mai gadi a kan wannan: idan harhaɗawar ta cije, wasu furotin na ribozom da suka rasa wurin shiga sukan sa wani furotin mai suna p53 ya taru, shi kuma ya tsayar da rabuwar sel ko ya sa shi ya mutu. Gajarcewar telomiya ma p53 ɗin take tasarwa. A ɓargon yaron da diskerin ɗinsa ya raunana, hanyoyi biyun suna iya haɗuwa a wuri guda.

Saura maganar gado, kuma ita ce ta fi shafar gidajenmu. Wannan yanki na Xq28 ba baƙonmu ba ne, domin a nan ƙwayar gadon G6PD take, wadda ƙarancinta ya yawaita a Afirka ta Yamma, mai sa jinin wasu yara maza ya farfashe idan sun sha wasu magunguna. A nan kuma ta himofiliya A take. Duka tafiyarsu ɗaya. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwa ya samo shi, in ya zo da matsala ba shi da madadi. Mace tana da biyu, kuma a jinin uwa mai ɗauke da sauyin DKC1 sel ɗin da ke aiki da lafiyayyen X su ke rinjaye, shi ya sa galibi ba a ganin komai a jikinta. Kowane ɗa namiji da za ta haifa yana da rabi da rabi na kamuwa, kowace 'ya mace rabi da rabi na ɗauka. Iyayena mata da ke nan sun san abin da ke biyo bayan irin wannan bayani idan ya faɗa kunnen dangin miji. Don Allah duk likitan da zai faɗi wannan ga iyali, ya faɗi sauran. Namiji mai ɗauke da sauyin yana ba dukan 'ya'yansa mata, don haka uwar tana iya samowa daga mahaifinta. Sau da yawa kuma sauyin sabo ne, babu shi a kakanni ko kaɗan. Na lamba 353 ɗin nan an sha ganin ya taso haka a iyalan da ba su haɗa komai ba. Babu wadda ta zaɓi X ɗin da za ta ba ɗanta.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, roƙona ƙarami ne. Yaron da ya zo da ƙarancin jinin da ba zazzaɓin cizon sauro ba, ba sikila ba, ba rashin abinci ba, ana ƙara masa jini yana komawa, a kama hannunsa a dubi farcensa, a buɗe bakinsa, a dubi wuyansa, a tambayi labarin kawunnansa na wajen uwa. Gane cutar yana sauya magani. Magungunan da ke aiki irin na sinadarin maza, kamar danazol, suna ɗaga jinin da yawa daga cikin majinyata na wani lokaci, amma sai ana lura da hanta. Dashen ɓargo yana gyara jini, ba ya gyara huhu ko hanta, kuma magungunan share ɓargo da ake ba sauran majinyata kafin dashe sun yi wa waɗannan ƙarfi, dole a sassauta. Ɗan'uwan da zai ba da ɓargo shi ma sai an gwada shi, domin yana iya ɗauke da sauyin bai nuna ba tukuna. A nisanta yaron da hayaƙin taba, a kare fatarsa daga zafin rana, a riƙa duba bakinsa a kai a kai, saboda farin tabon nan yana iya rikiɗewa ya zama kansa.